Tabarau na Mai Duba Mita

Ma'aikacin hukumar ruwa ne, irin masu bin gida-gida suna duba mita. Dogo, mai tafiya a ranƙwafe kamar ya yar da allura. Ya shigo shagona da kukan cewa lambobin mita sun fara yi masa rawa. Na auna idonsa, na ce ya dawo ran Asabar ya karɓi tabarau. Ran Alhamis ya fita zagaye, da yamma aka tsinci littafinsa a kan katangar wani gida, biro a tsakiya, ya rubuta lamba uku cikin biyar. 'Yan sanda sun bi asibitoci, sun bi tasha, sun leƙa rijiyoyi. Bana shekara huɗu, ko ƙyallinsa babu wanda ya gani.

Mahaifiyarsa ce ta zo ta karɓi tabarau ɗin. Na ɗauka adanawa za ta yi, ashe sawa za ta yi. Ga shi na karatu ne, duk abin da ke nesa narkar da shi yake. Kullum da hantsi sai ta lallaɓo ta zauna a bencin ƙofar shagona, ta ƙura wa titi ido. Ni kuwa ba na iya ganin gilashin wani a idon wani in yi shiru.

"Inna, wannan fa ba awonki ba ne. Jiri zai sa ki."

"Zauna, sarkin iyayi," in ji ta, ta miƙo mini. "Sa ka gani."

Na sa. Titin da na sani kamar yunwar cikina ya koma ruwa. Motoci na iyo a hankali, rumfuna sun zama gajimare, mutane na tahowa babu fuska, kowa dogo, kowa a ɗan ranƙwafe. Wani ya ɓullo daga kwana da abu fari a hammata, sai da gabana ya faɗi.

"Ka gan shi ko?" Ta yi murmushi. "Ɗazu ma ya wuce a keke. Ya ɗan yi ƙiba."

"Inna..."

"Ban haukace ba, ɗan nan. Na san ba shi ba ne. Amma kafin mutum ya iso kusa, ai nawa ne."

Na mayar mata, ban ƙara cewa uffan ba har wata takwas.

Sai makon jiya ƙanwarsa ta faɗo shagon ko sallama babu, idonta jawur. Inna ta taka titi tana bin wata inuwa, mota ta goge ta, ta kwana biyu a asibiti da ɗinki a goshi.

"Malam, don girman Allah ka canza gilashin, ba sai ta sani ba. Na rasa wa, yanzu kuma so ake in rasa uwa?"

Me zan ce? Gaskiya ce a bakinta, kuma awon idon Inna yana cikin katina tun shekarun baya. Na yanka sabon gilashi daidai da firam ɗin, na goge, na ajiye. Da ta dawo ran Laraba na ce kusar gefe ta saki, ta kawo in ɗaure. Na shiga ciki na musanya, hannuna na rawa kamar ɗan koyo.

Ta sa, ta zauna, ta daɗe tana kallo. Mai jarida ya wuce, ta bi shi da ido. Wani dogo ya taho a ranƙwafe, tun daga nesa ta kawar da kai.

"Yau titi cike yake," in ji ta, "amma bai fito ba."

Kunya ta rufe ni, na shiga goge kantar da babu ƙura a kanta. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba.

"Aikinka ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Tsofaffin fa, ka zubar?"

Suna cikin aljihun rigata, naɗe a tsumma. Na dubi ɗinkin da ke goshinta.

"Na zubar, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta duba dama, ta duba hagu, ta tsallaka lafiya lau.