Ashanar Likita Aina'u

Turmin haƙorin ya ƙi fita. Likita Aina'u ta gyara tsayuwa, ta tallafe haɓar matar da hannun hagu, ta sake murɗa ƙarfen cire haƙori. Sai da damtsenta ya amsa, daidai inda aka dasa mata ashanar tazarar haihuwa, sannan haƙorin ya biyo ƙarfen.

"Ciza audugar nan, Rahmatu. Kada ki kurkure baki yau."

Matar ta gyara goyonta, ta yi magana ta gefen baki. "Na huɗu ke nan, Likita. Kowane ɗa da haƙorin da yake ci mini. Ke kam naki duk suna nan, ko?"

Aina'u ta gane inda maganar ta dosa. Ta yi mata murmushin yaƙe, ta ce a turo na gaba.

Ita kaɗai ce likitar haƙori a wannan asibiti da ke tsakiyar gonakin yankin Bici. Kaka ta yi, manoma sun ga kuɗin gyaɗa, duk wanda ya sha damina da kumburarren kunci yau ya tuna da ita. Amma hankalinta ba ya kan layin. Asibitin koyarwa na birni ya ba ta gurbin ƙwarewa a tiyatar baki da muƙamuƙi, abin da ta daɗe tana nema. Ranar Litinin ake son ganinta. Karatu ne na shekara shida, da kwanan asibiti babu ƙaƙƙautawa.

Ga kuma Jamil, mijinta, malamin sakandare mai noma a gefe. Da aka sa ashanar sun yi magana: shekara uku, sai a cire. Wa'adin ya cika tun kafin azumi. Cirewa na nufin ajiye karatu, sabuntawa na nufin cin alkawari, sai Aina'u ta zaɓi abin da ya fi sauƙi, wato gobe. Goben nan kuwa har ta cinye damina. Yau da safe, yana ɗaura buhuna a babur zai tafi sussukar dawa, ya ce mata, "Hannunki ne, Aina'u. Amma alkawari kaya ne."

Ta cire safar hannu, ta nufi ɗakin tazarar haihuwa, ta kai bakin ƙofa ta juyo. Ta duba wani yaro mai ruɓaɓɓen haƙori, ta sake fita, ta sake dawowa. Ta wanke hannun da ba ta taɓa komai da shi ba. Haushin kanta take ji. Mace mai tumɓuke turmin ƙato ba ta ƙifta ido ba, ga ta tana zarya a baranda kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Bayan azahar ta shiga, ta turo ƙofa.

"Sista Sa'adiyya, cire tsohuwar ki sa mini sabuwa. Yanzu."

Sa'adiyya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin, ta kalle ta ta saman tabarau. "Malam Jamil ya sani?"

"Zai sani."

"To." Ta miƙa mata ƙaramar roba. "Fitsari tukuna."

"Haba Sista, ni ce fa."

"Wanzami ba ya son jarfa. Ko matar sarki ce, ba na sa sabuwa sai na gwada. Balle ke da taki ta kwana biyu da ƙarewa."

Aina'u ta dawo da robar tana duba agogo. Sa'adiyya ta tsoma tsinken gwaji, ta ajiye shi a kan tebur, ta shiga jera kayan aiki. Can sai hannunta ya tsaya. Ta tura wa Aina'u tsinken. Layi biyu ne, ja wur.

Aina'u ta zauna a bakin gado. Tsoro ne ya fara zuwa mata, sannan wani daɗi da ba ta gayyata ba ya biyo, har ta ji kunyarsa. A ƙarshe sai fushi, don duk zaryar nan da take yi, ashe an riga an yanke ba da ita ba.

Ta miƙa hannu aka cire tsohuwar. Da bandeji a damtse ta fita bayan asibiti, inda aka jingine karan dawa, ta kira Jamil. Ƙarar injin sussuka ta cika wayar. Ta faɗa masa, ya ce ta maimaita, ta maimaita.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Shi ke nan, Allah ya raba gardama."

Ta so ta bar masa murnarsa ko zuwa dare. Ta kasa.

"Bai raba ba, Malam. Alkawarin da na yi maka ya cika, saura karatuna. Ranar Litinin zan je."

Ta ji ya yi nesa da injin, ƙarar ta ragu.

"Da cikin?"

"Da shi."

"To in ya zo fa? Kina kwana a ɗakin tiyata, wa zai riƙe miki shi?"

"Ba ni za a riƙe wa ba," ta ce a hankali. "Ɗanka ne. Ka fara koyon goyo."