Ruwan da Imrich Bai Zuba Mini Ba

Bokiti tara na ruwa nake bin Imrich Bednar, maƙwabcina. Aji biyu kacal na yi aka cire ni aka tura ni kiwon tumaki, amma abin da nake bin mutum ba ya ɓace mini, ko da kuwa cokalin gishiri ne.

A ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Tatra, Litinin ɗin Ista ranar ruwa ce. Maza su bi gida-gida su sheƙa wa mata ruwan sanyi, mace ta yi gudu ta yi ihu, in an gama ta kawo ƙwai mai zane da ɗan kofin barasa ta ba wanda ya jiƙa ta. Wadda aka jiƙa ta shekara lafiya. Wadda aka tsallake ƙofarta kuwa, ta san matsayinta a gari. Shekara arba'in da ɗaya mijina Ambroz yana jiƙa Rozaliya matar Imrich, shi kuma Imrich yana jiƙa ni. Shekarar da Ambroz ya rasu, ko wata uku ba a yi ba, Imrich ya sare reshen itacen tuffarmu da ya leƙa gonarsa. Na kira shi ɓarawo a ƙofar coci, gaban kowa. Shi kuma ya rantse babu namijin gidansa da zai ƙara zuba ruwa a ƙofata, wai in bushe kamar ƙirare.

Ni ban yanke ba. Duk shekara sai na tasa ɗana tun asuba ya je ya jiƙa Rozaliya, don a san ta wane ɓangare bashin yake taruwa. Tara ke nan. Akwai tsofaffin da ke biyowa su ɗiga mini turare a ka, amma turare ba ruwa ba ne, kuma ba su nake bi ba.

Ana saura kwana uku Ista, jikata Kveta ta same ni ina zana ƙwai da kakin zuma.

"Babka," ta ce, haka muke kiran kaka mace, "Vendo zai zo ranar Litinin."

"Wane Vendo?"

"Haba babka, Vendo nawa ne a layin nan?"

Jikan Imrich ke nan, mai gyaran motocin sufuri a birni. Na san suna kallon juna ta saman shinge tun bara.

"Kakan nasa ya sani?"

"Ya sani. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tofar da yawu ya yi ya shige ɗaki."

A wurin Imrich wannan ai amincewa ce. Kuma yaron da ya san ya kamata, in ya gama da budurwa sai ya juyo kan babbar gida. Na ƙara ƙwai shida a tukunya.

To, a lokacin akwai baƙuwa a ɗakin samanmu da muke bai wa matafiya. Pani Torun, wato Madam Torun, 'yar ƙasar Norway, doguwa, furfura a yanke kamar na soja, ta haura sittin amma in tana hawan tudu sai ka ce akuya. Kveta ce ke jin Turancinta, ita ta gaya mini wai 'yar sanda ce, shekara talatin ta yi tana aikin kafin ta huta. Ta zo ganin cocinmu na katako da hawan duwatsu, ta tarar ƙanƙara ta rufe hanyoyin sama, sai ta zauna da mu. Tana da ɗan littafi a aljihu, daga cikinsa ta haddace kalma huɗu na yarenmu. Da safe ta ce mini "dobrý deň", da rana ma haka, har kaji tana gaisarwa. In na ba ta miya ta ce "ďakujem", ta gode. In tana son abu ta ce "prosím", don Allah ke nan. Ta huɗun ban taɓa jin ta a bakinta ba, amma ashe ta riƙe ta da kyau.

Ran Lahadi bayan cin abinci na ce wa Kveta ta yi mata bayanin gobe. Ta ce to, ta tafi wanke kai. Da na ga yarinyar hankalinta ba ya jikinta, sai na yi da kaina. Na ɗauko bokiti, na nuna kaina, na nuna ita, na yi kamar ina sheƙawa. Pani Torun ta gyaɗa kai sosai, ta karɓi bokitin, ta je rijiya ta cika mini randuna biyu na ɗakin girki. Na ce ďakujem. Me zan ce?

Litinin ta waye da sanyi mai shiga ƙashi. Ɗana ya fita tun duhu da sauran maza, gidan ba namiji ko ɗaya. Na sa zanena mai ninki da ɗankwalin zuwa coci, na tsaya a bakin ƙofa da farantin ƙwai. Wajen ƙarfe takwas sai ga Vendo ya turo ƙyauren shinge, farar riga a jikinsa, bokiti a hannu, ruwan rafi ne har da 'yan ƙanƙara suna yawo a sama. Shekara tara ƙafar ɗan gidan Bednar ba ta taka tsakar gidana ba. Ƙirjina ya riƙa bugawa kamar ni ce budurwar.

"Barka da Ista, teta Pola," ya ce mini, wato goggo Pola, har da sunkuyawa. "Akwai wata fure a gidan nan da aka ce tana neman bushewa."

"Biyu ne," na ce. "Fara da ƙaramar."

Kveta ta ɓullo ta bayan ɗakin itace ta zura da gudu, shi ya bi ta. Suka zagaya rijiya sau biyu, kaji suka watse, tana ƙwala ihu yadda kowace yarinya take yi tun zamanin kakata: "Pomoc! Pomoc! Ku taimake ni, zai kashe ni!" Ya cafke ta a ƙugu wajen tulin itace, ya ɗaga bokiti sama.

Ashe "pomoc" ce kalmar Pani Torun ta huɗu. Ban ga saukowar matar nan ba. Iska kawai na ji ta wuce ni a bakin ƙofa, da safa a ƙafa, ko takalmi babu. Kafin in ƙifta ido Vendo yana kife a taɓo, fuska a ƙasa, hannunsa na dama a murɗe a bayansa, gwiwarta a tsakiyar gadon bayansa. Na ji wani ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Bokiti ya gangara can, ruwan duk ya tafi ƙasa. Ko ɗigo bai taɓa kowa ba.

Yesu da Maryamu. Bakina ya buɗe ya ƙi rufuwa. Faranti dai bai faɗi ba, ƙwai talatin ba abin wasa ba ne.

Pani Torun ta ja Kveta da hannu ɗaya ta mayar da ita bayanta, ta ɗago ta dube ni, yaron mutane yana nishi a ƙarƙashinta.

"Dobrý deň," ta ce.

"Sake shi!" na ce. "Sake shi, 'yar nan, miji ne! Mijin da za mu samu ne kike karyawa!"

Ina za ta ji. Sai da Kveta ta dawo hayyacinta ta riƙa zuba mata Turanci tana kuka tana nuna bokiti, tana nuna ƙwai, tana nuna layin gaba inda wasu 'yan mata uku suke gudu jiƙe sharkaf suna dariya. Na ga fuskar matar ta yi fari, ta koma ja. Ta ɗage gwiwarta a hankali. Ta laluba aljihu ta fito da littafin, ta buɗe nan ta buɗe can.

"Prepáčte," ta ce wa Vendo. A yi mata haƙuri ke nan. Kalma ta biyar.

Vendo ya tashi zaune, kafaɗarsa ta sauka ƙasa kamar ba tasa ba.

"Teta Pola," ya ce, haƙoransa na haɗuwa, "da kun ce ba ku so ai da na koma da ƙafata."

Matar ta durƙusa ta taɓa kafaɗar, ta yi wa Kveta magana, Kveta ta ce wai gocewa ta yi, ba karaya ba ce, wai ta iya mayarwa. Kafin wani ya ce e ko a'a ta kama hannun ta ja ta juya. Ihun da Vendo ya yi na tabbata an ji shi a coci. Kafaɗa ta koma. Na cire ɗankwalina na coci na rataye masa hannun a wuya.

Wannan ihun ne ya fito da Imrich. Shekara tamanin da huɗu, da sanda, da silifas na cikin ɗaki, ya turo ƙyaurena har ya bugi shinge. Rozaliya tana leƙe ta taga, hannu a baki. Ya dubi jikansa cikin taɓo, ya dubi doguwar mata da safa, ya dube ni.

"Apoloniya!" ya kira ni da cikakken sunana. "Sojar haya kika ɗauko daga ƙasar waje?"

"Da haya na ɗauko ai kai zan nuna mata, ba yaro ba."

"Na gaya masa! Na ce gidan nan ko kare ya shiga da ƙafa uku zai fito. Tashi, Vendelin. Tashi mu tafi."

"Dedo, kuskure ne," in ji Vendo, haka yake kiran kakan nasa. "Ta zaci..."

"Rufe mini baki. Mace ta kayar da kai gaban budurwa, kana da bakin magana? Gobe duk gari sun ji. Wuce!"

Ya kama shi ta hannun mai lafiya ya nufi ƙofa. Kveta ta zauna a kan tulin itace, a bushe ƙayau, tana share hanci. Ni kuwa na ga abin da ke tafiya. In suka fita ƙyauren nan, ba za su ƙara shigowa ba sai dai a jana'izar ɗayanmu.

Pani Torun ta tambayi Kveta wani abu, Kveta ta amsa mata cikin kuka. Sai matar ta ɗauki bokitin Vendo, ta je rijiya ta cika shi fal, ta sha gabansu ta dire shi a ƙasa. Ta koma baya taki biyu, ta miƙe tsaye, hannuwa a gefe, ta runtse ido.

"Prosím," ta ce.

Vendo ya dubi bokitin, ya dubi hannunsa a rataye. Ya gwada da hagu, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, ya ajiye yana cije leɓe.

Nan na ga dama ta samu, na kuwa kama ta.

"Kveta, gaya mata ta buɗe idonta ta je ta sa takalmi," na ce da ƙarfi, yadda Rozaliya ma za ta ji. "Gidan Bednar babu mai ɗaga bokiti. Ɗaya ya goce, ɗaya ya ƙare. Shekara tara ina zaton fushi ne ya hana shi, ashe ƙarfi ne babu."

Imrich ya tsaya cak.

"Me kika ce?"

"Kunnen ma ya tafi? Na ce reshe kawai ka iya sarewa, shi ma sai da ka jira mai itacen ya mutu."

Wuyansa ya kumbura. Ya jefar da sandar. Ya sunkuya, na ji bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya kama bokitin da hannu biyu ya ɗaga har ƙirji, ƙafafunsa na karkarwa cikin silifas. Rozaliya ta yi ihu daga taga, "Imrich, zuciyarka!" Baƙuwa tana nan tsaye ido a rufe tana jira. Ya wuce ta ko kallo bai yi mata ba. Na yi maza na miƙa wa Kveta faranti.

"Ungo, tsohuwar mayya! Sha!"

Gaba ɗaya a fuska. Ruwan rijiyarmu a watan huɗu, kai ba ɗankwali. Numfashina ya ɗauke, na ga taurari da rana tsaka, ruwan ya bi wuyana har cikin takalmi. Na manta haka yake. Wallahi na manta. Na tsaya ina haki kamar kifi, shi ma yana haki, ya dafa gwiwa.

Pani Torun ta buɗe ido ɗaya, ta ga ni ce a jiƙe, ta yunƙuro. Kveta da Vendo suka riƙe ta su biyu.

Da numfashi ya dawo na zaɓi ƙwai mafi kyau, ja mai zanen alkama, na tsiyaya barasa a kofi, na miƙa masa yadda ake yi. Ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, ya jefa ƙwan a aljihu.

"To shi ke nan," ya ce. "An biya ki. Kada in ƙara jin bakinki."

"An biya na bana."

"Na bana kamar yaya?"

"Wannan ai na wannan shekarar ne, Imrich. Tara na baya suna nan."

Ya dube ni, baki a sake. A bayansa Vendo ya samo kofin shan ruwa yana ɗiga wa Kveta a ka da hagu, tana ihu a hankali don kada baƙuwa ta sake tashi.

"Sai dai ki mutu kina bi na," in ji Imrich.

"Bana dai ba zan mutu ba," na ce. "Kai da kanka ka jiƙa ni. Ɗauki sandarka ka zauna ka huta, ga baƙuwata can tana jiran nata."