Malam Godfrey a Shagon Celestine

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam Godfrey bai ƙara taɓa jita ba. Tsohon malamin firamare ne, ɗan Wusasa, aiki ya kawo shi Kano yana saurayi har ya yi furfura a Sabon Gari. Da can shi ne ke kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Yanzu ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun hagu ne dai ya yi taurin kai.

Mai yi masa gashi a asibiti ce ta ce ya nemi abin da zai riƙa motsa yatsun da shi, abin da ransa ke so. Diana, 'yarsa ta fari, ba ta yi wata-wata ba. Ranar Asabar da hantsi ta tare adaidaita sahu, ta ce su je su sayo wa tsohuwar jitarsa tsirkiya, don tsatsa ta cinye na jikinta.

Shagon Celestine na nan bayan kasuwar Sabon Gari, tsakanin mai sayar da janareta da mai gyaran fanka. Celestine Ibo ne amma haihuwar Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yana ganinsu ya taso.

"Malam! Kai ne da ƙafarka? Sannu da jiki. Zauna, zauna."

Malam Godfrey bai zauna ba. Idonsa ya riga ya sauka kan wata jita da aka rataye ita kaɗai can sama, jikinta launin zuma, wuyanta siriri. Celestine ya lura, ya yi murmushi, ya sauko da ita ya ɗora masa a cinya bayan ya zauna.

"Taɓa ka ji. Ji kyauta ne."

Malam ya goga babban yatsansa na dama a kan tsirkiyoyin. Sautin ya cika shagon, mai zurfi, ya daɗe bai mutu ba. Sai ya kai hannun hagu. Ɗan ƙaramin yatsan ya ƙi lanƙwasuwa sam. Ya cije leɓe, ya danna da sauran ukun. Sautin farko ya fito a dushe. Ya sake. A karo na gaba sai ga sauti ya fito tas, ya bi shi da wani, har Diana ta gane waƙar da yake yi musu suna yara, ta kau da kai tana share ido da bakin gyale.

"Nawa take?" Ita ce ta tambaya.

Celestine ya faɗi kuɗin a hankali, kamar mai jin kunya. Malam Godfrey ya yi ajiyar zuciya, amma bai saki jitar ba. A ransa har ya ga kansa gaban coci ranar Lahadi da ita a rungume.

"Baba, zan saya maka," in ji Diana. "Na ɗauki adashena jiya."

Ya ɗago ya dube ta. Ya san adashen. Firiza take son saya, don zoɓo da kunun ayar da take sayarwa kullum sai ta sayi ƙanƙara, riba duk ta tafi can. Ga shi tun kwanciyarsa ita ke sayen magani. Ya ga tana nufin abin da ta faɗa, wannan ne ma ya fi ba shi tsoro.

Ya sake kaɗa jitar sau ɗaya, ya saurara har sautin ya ƙare. Sannan ya miƙa wa Celestine da hannu biyu.

"Mayar da ita, ɗana. Tana da kyau, Allah Ya ba ta mai rabo."

"Baba, ai ita ce ta sa hannun ya motsa."

"A'a, Diana. Hannun nawa ne. Abin da na zo sani na sani, sauran kwaɗayi ne kawai. Kuma kwaɗayi mabuɗin wahala."

Celestine ya ce ko kaɗan-kaɗan ne zai karɓa. Malam ya girgiza kai yana dariya, ya ce kada ya ƙara, don zuciyar tsoho ba ta da wuyar ruɗi. Sai Celestine ya ɗauko masa tsirkiya ta roba mai laushi, wadda ba za ta ci masa yatsu ba, suka biya suka fito. A bakin ƙofa Malam ya waiga sau ɗaya, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya kama hannun 'yarsa.

A gida ɗaura tsirkiyar ta kai su har la'asar, shi yana nuni, Diana tana murɗawa, suna ta musu. Da ya fara kaɗawa a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, yana yi yana kuskure yana komawa farko, sai Hajiya Sharifa maƙwabciyarsu ta leƙo ta saman katanga.

"Ikon Allah! Malam, ashe jiki ya yi kyau haka?"

"Da sauƙi, Hajiya. Sai dai ku yi haƙuri da kunnuwanku, ɗan koyo ne ya dawo unguwar."

"Ka yi ta yi, mun ji mun gani," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.