Doyar Bisa a Gindin Mangwaro

Clara da kakarta Magdalena suna zaune a ɗakin haya a Kuje. Suna da kaji uku da bishiyar mangwaro a bayan ɗaki, amma ba su da gona. Abin yana damun Clara, domin ranar godiyar girbi a coci kowane yaro yakan fito da abin da aka noma a gidansu. Ita kuwa bara da biskit ɗin kanti ta fita.

Da damina ta faɗi, Kaka ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar doya mai kama da dutse, wadda ta zo da ita daga ƙauye. Suka binne ta kusa da mangwaron.

"Daga yau kada ki ƙona ganyen da kika share," in ji Kaka. "Ki tara shi nan. Kashin kaji ma nan, ruwan wankin shinkafa ma nan."

"Kaka, sandar da za ta hau fa?"

"Ga mangwaro a tsaye, ba aikin fari ba na baƙi."

Doyar ta tsiro, ta yi yaɗo, ta nannaɗe bishiyar har ta shige cikin rassa. Clara kuwa kullum ƙasa take duba, ko za ta ga ta tsage.

Ana saura kwana biyu godiyar girbi, ta ɗauki fartanya ta soma tono. Ba ta ga komai ba sai saiwa da tana. Ta zauna ta fashe da kuka.

Kaka ta fito tana dariya. "Ke, kishiyata, za ki kashe mini doya! Ajiye fartanyar, ɗaga kanki."

Clara ta ɗaga kai. Can cikin ganye, ga doya tana reto kamar an rataye ta, wata ta kai dunƙulen hannu.

"Sunanta doyar bisa," in ji Kaka. "Akwai ta daji mai ɗaci, ba a cin ta. Wannan irin gidanmu ne."

Suka kaɗo goma sha ɗaya da gora. Kaka ta ware biyu na iri, suka dafa uku, sauran suka cika ɗan kwando.

Ran Lahadi Clara ta shiga sahun yara da kwandonta a ka, mutane suna ta leƙe suna tambaya. Ranar ta gane cewa bayan ɗakinsu ma gona ne.