Yoyon Ɗakin Makame

Duk Juma'a bayan la'asar, tsibirin Pemba yakan yi tsit a saurari wasan rediyo. Makame ne ke fitowa a Pandu, mijin da kome matarsa ta kawo kuka sai ya ce, "Haka Allah Ya ƙaddara." Kai tsaye ake watsa wasan, abin da ya fita baki ya fita.

Wautar Makame ita ce kai maganar nan gida. Damina ta sauka, rufin kwano ya yi yoyo a kan kanumfarin da matarsa Mwatima ta busar. Ta yi magana, ya amsa mata da muryar Pandu. Ta naɗe zannuwanta, ta ɗauki rediyon gidan, ta yi yaji zuwa gidan yayanta. Ya aika biko da sabon zane, aka dawo masa da shi a ninke.

Ran Juma'a ya zo aiki da rigar da ba guga. Siti, mai fitowa a matar Pandu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Gwauro, ka ci abinci kuwa?"

"Rogo na dafa."

"Ya dahu?"

"Ba ruwanki."

Aka kunna jar fitila, alamar an fara watsa wasan. Kukan da aka shirya wa Siti na cefane ne, amma ta bar shi ta kama na Mwatima.

"Maigida, ɗaki na yoyo! Kanumfarina ya jiƙe!"

Mai shirin ya dafe kai. Makame ya buɗe baki zai yi amsar da ya saba, sai ya tuna inda rediyon gidansa yake.

"Ruwa dai na Allah ne," in ji shi. "Ramin kwanon nawa ne. Gobe da safe zan hau in toshe, Mwatima."

"Mwatima kuma? A nan sunana Zuhura, malam!"

Mai kaɗa gangar wasan ya fita waje da dariya.

Da safe unguwa ta cika ƙofar gidansa, har da liman da mai sayar da kifi. Makame tsoron bisa yake ji, kowa ya sani. Ya hau tsani yana salati, tsanin na rawa. Can sai ya daina rawa. Ya leƙo ƙasa: Mwatima ce ta riƙe, rediyo a hammata.

"Kin dawo ke nan?"

"Toshe tukuna, Pandu. Ramukan uku ne."