Kafet Mai Ƙunar Dutsen Guga

Wani irin sauti ne ya tashi Mai Agogo daga barci. Ƙas! Kamar an karya busasshen ƙashi a cikin bargo. Ya kasa kunne. Agogunan da ke rataye a bangon ɗakinsa suna ta tafiyarsu, kowanne da lokacin da ya ga dama, don shi mutum ne da ya yarda agogo ma yana da ra'ayinsa. Sautin ba daga cikinsu ya fito ba. Daga waje ne, wajen matakalar katakon da ke hawowa saman benen.

Ya taɓa matarsa. "Kin ji kuwa?"

Ta juya masa baya. "Na ji. Gwiwarka ce. Kwanta, Malam."

Da gari ya waye ya bi matakalar yana dubawa, da gilashin nan na ido ɗaya da yake leƙa cikin agogo da shi. A tsakiya ya samu matsalar. Bututun ruwan da ya bi bango ya daɗe yana ɗiga a kan mataki ɗaya, ɗis, ɗis, har katakon ya ruɓe ta ciki. Ta sama fenti ne lafiya lau. Ta ƙasa kuwa tsaga ce daga wannan gefe zuwa wancan. Ya danna da babban yatsa, katakon ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi.

Ya miƙe da niyyar ya je ya faɗa wa Mai Bene, wanda yake ba su hayar gidan. Sai dariyar Tela ta taso daga ƙasa, ta tsayar da shi.

Shi da Tela shekara ɗaya suka tare a gidan nan, su biyu a sama, ɗaki na kallon ɗaki. Bara Tela ya fito wanka da yamma, ƙwan lantarkin lungun ya daɗe da mutuwa, ga tayil ɗaya ya ɗaga baki. Ya yi tuntuɓe, ƙafa ta karye. Ashe ɗan ƙanwarsa lauya ne. Kafin maganar ta kai kotu Mai Bene ya biya asibiti, ya biya diyya, ya kuma ba Tela shagon ƙasa mai ƙofa a bakin titi. Shagon nan kuwa Mai Agogo ya yi shekaru yana roƙonsa, don tagarsa tana shan hasken safe, shi kuma idonsa ya fara gajiya da ƙananan ƙusoshi a duhun sama. Yanzu Mai Bene, wanda a da ba ya amsa gaisuwa sai da hanci, shi yake fara gaida Tela, har da tambayar ya ƙafa.

Ga shi kuma Mai Aski, na shagon da ke jikin na Tela, zai tashi ƙarshen wata, an ce an riga an yi wa wani baƙo alkawarin wurin.

Mai Agogo ya sake duban matakin. Ya ji ya shiga ransa, kamar wanda ya tsinci ƙwai a dawa. Ya koma ɗaki ya ɗauko guntun jan kafet ɗin da suke goge ƙafa a bakin ƙofa, wanda dutsen guga ya taɓa ƙona masa tsakiya, ya shimfiɗa a kan matakin, ya gyara gefensa da kyau.

"Ki riƙa tsallake shi," ya ce wa matarsa. "Iska nake so ya sha."

"Kafet ɗin ne zai sha iska a kan matakala? To Allah ya ba shi lafiya."

Bai damu da kowa ba bayan ita. Tun da Tela ya sauka, su biyu kaɗai suka rage a sama.

Da hantsi ya tsallake matakin ya sauka sayen batir. Tela na zaune a ƙofar shagonsa, ya miƙe ƙafar a kan ƙaramar kujera, rana na zuba masa a cinya. Mata biyu suna jiran ɗinki, ɗaya har tana yi masa fifita da kwali.

"A'a, Sarkin Lokaci! Ƙarfe nawa yau a samanku?"

"Ƙarfen da ka ga dama, Ɗan Allura. Ku manya ai rana ma ku take fara gaisarwa."

"Rana?" Tela ya buga ƙafar da tafin hannu. "Wannan in hadari zai haɗu ita take fara sanar da ni. Keken ma da hagu nake taka shi yanzu, kamar sabon koyo."

Mai Agogo ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. A ransa ya ce, mai ƙoshi ma yana kukan ciki. Idonsa na kan tagar.

Wunin ranar bai gyara agogo ko ɗaya ba. Lissafin faɗuwa yake yi. Ba ya son karaya, targaɗe ya ishe shi, mai kumburi sosai yadda kowa zai gani. Ya shimfiɗa katifa ya gwada faɗuwa ta dama, ya gwada ta hagu. Ya gwada ihun ma a hankali, ya ga na farko ya yi kama da na akuya, ya sake wani. Ya tuna faɗuwar da ba shaida asara ce, don haka sai yamma, lokacin da mutanen ƙasa suke taruwa a tsakar gida wajen famfo. Ya tura tsummokara cikin wandonsa ta baya da wajen gwiwa.

Matarsa ta ɗago daga tsintar shinkafa ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ƙiba ka yi tun azahar?"

"Sanyi nake ji."

"Da wannan zafin? Kai dai da agogunanka, duk babu mai tafiya daidai."

Da yamma ta yi ya cire tabaransa ya ajiye a kan tebur, kada su fashe a banza. Ya fito ya tsaya a bakin matakala. A ƙasa matar Direba, ɗaya daga cikin 'yan haya, tana ɗauraye kwanuka, Mai Aski na wanke ƙafa, shaidu sun cika. Ba tare da tabarau ba duniya ta zama ruwa-ruwa, jan kafet ɗin kaɗai yake gani sosai. Ya sauko mataki ɗaya, ya tsaya yana tara ƙarfin hali.

Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda tana hawowa.

"Sarkin Lokaci, kana ciki?" Muryar Tela ce, yana haki, kansa a sunkuye. "Agogon marigayi babana ya tsaya. Na ce yau dai ko da rarrafe sai na hau na ga tsohon ɗakina. Ka daina zuwa hira, sai ni in zo."

Mai Agogo ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, tsaya. Amma in ya faɗe ta za a tambaye shi yadda aka yi ya sani, kuma gobe kafinta zai zo da sabon katako. Ya riƙe ta a bakinsa na tsawon numfashi ɗaya.

"Har da kafet aka shimfiɗa mini?" in ji Tela yana dariya, ya ɗora ƙafarsa mai lafiyar a kai.

Sautin daren jiya ne ya dawo, amma babba. Katakon ya buɗe, ƙafar ta shige har cinya, Tela ya tafi ta baya. Ihunsa bai yi kama da ko ɗaya cikin waɗanda Mai Agogo ya gwada a kan katifa ba.

Tsakar gida ta rikice. Mai Aski da wasu maza suka zaro shi suka yi waje da shi neman mota, ƙafar tana lilo ta inda ƙafa ba ta lanƙwasuwa. Mai Agogo na tsaye a inda yake. Abin da ya fara zuwa masa a rai, kafin tausayi, kafin tsoro, shi ne: ya sake riga ni. Ya ji kunyar tunanin, amma tunanin bai tafi ba.

Ba a jima ba Mai Bene ya iso, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta faɗin shi ke nan, wannan karon gidan ma sai an sayar. Ya rantse babu wanda ya taɓa faɗa masa matakalar tana da matsala.

Agogon baban Tela yana kwance a ƙasan matakala, gilashinsa ya tsage. Faɗuwar ta tashe shi, yana tafiya, tik, tik. Mai Agogo ya tsallake ramin ya sauko ya ɗauke shi, tsumma ɗaya ya zamo ta ƙafar wandonsa ya faɗi. Matarsa, da ta biyo shi, ta dubi tsumman. Ta dube shi.

Matar Direba ce ta jawo kafet ɗin daga cikin ramin. Ta leƙa ruɓaɓɓen katakon, ta karkaɗe kafet ɗin, ta ɗaga shi sama yadda ƙunar dutsen gugar ta fito sarai a hasken yamma.

"Wai ni kam," ta ce, "wa ya shimfiɗa wannan a daidai nan?"