Akwatin Hayaƙi

Lawan direba ya dire batirin motarsa a ƙofar ɗakin maƙwabcinsa Malam Inuwa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Tun hantsi aka ɗauke wuta a Panshekara, ga zafin bazara, ga Malam kwance ba lafiya, numfashi na yi masa wuya. Hajjo, matar Malam, ta yi fifita har hannunta ya sage.

Lawan ya sauko da wata na'ura daga kan kanta, ya maƙala mata batir, ya jona fanka. Ko motsi.

"Lawan," in ji Malam da ƙyar, "kai dai tsaya a tuƙinka. Wannan kwanbata ce, wutar gida take mayarwa ta batir, ba ta komowa baya. Leƙa ƙarƙashin gado."

Gaban Lawan ya faɗi, don ya san abin da ke can. Shekara shida Malam, mai gyaran wuta a wata masaƙa a Sharada, yana naɗa waya cikin tsohon akwati, wai inbata ce, za ta mai da wutar batir irin ta gida. Sau biyu ana gwadawa abin na tashi da hayaƙi, na biyun har da labulen Hajjo. Lawan ɗin nan ne ya raɗa masa Akwatin Hayaƙi, unguwa ta ɗauka. Naɗin ƙarshe kuwa ciwo bai bar Malam ya gwada ba.

"Malam, ku bari sai kun samu sauƙi."

"Wane sauƙi? Jar waya a kan alamar ƙari. Hajjo, janye labulenki."

Lawan ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Tsoronsa ɗaya, kada bawan Allahn nan ya bar duniya da ƙaurin aikinsa a hanci. Ya yi bisimilla, ya maƙala. Akwatin ya soma ƙugi. Fanka ta juya sau ɗaya, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta kama gudu.

"Allahu akbar! Malam, ta tashi!"

Hajjo tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ina hayaƙin?" in ji Malam.

"Babu ko ɗigo. Ku yafe mini."

"Na yafe. Amma bakin da ya sa sunan, shi zai bi gida-gida ya janye."

Lawan ya fita ba ko takalmi, yana ƙwala wa mutane kira, farin ciki kamar shi ya naɗa wayar. Ya dawo da rabin layin a bayansa, kowa ya leƙa ya gani da idonsa, Malam na ta murmushi.

Ana kiran la'asar Malam ya cika. Hajjo ta ja zane ta lulluɓe shi, iska na ɗaga gefen zanen tana saukewa. Ba wanda ya kai hannu ya kashe fankar.